Sauya Gidan Makullin Tsohuwar Peugeot 504: Inda Arha Kan Koma Asara

Daga cikin gyare-gyaren da masu tsofaffin motoci suka fi rainawa akwai na gidan makulli, wato inda ake zura mabuɗi a murɗa domin tayar da inji. Abu ne da bai cika tafin hannu ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na inji ko giya. To sai dai kuma yadda aka gyara shi yana iya rage darajar motar baki ɗaya, a wani lokacin ma ya jefa rayuka cikin haɗari.

Motar da batun ya fi shafa a Najeriya ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, masana'antar PAN ta Kaduna ta fara harhaɗa ta a 1975, kuma ko da Faransa ta daina ƙera samfurin salun a 1983, Kaduna ta ci gaba har zuwa 2006. Ke nan mafi ƙuruciyar waɗanda suka rage ta kai wajen shekara 20. Motar da a da take cika tasha da ma'aikatun gwamnati ta soma zama abin adanawa, kuma mai sayen irin wannan mota asali yake nema. Idan ya ga wayoyi na reto a ƙarƙashin sitiyari, nan take tayinsa zai sauka.

Abin da akasarin direbobi ba su lura da shi ba shi ne, gidan makulli sassa uku ne a haɗe. Akwai ƙwayar makullin, wadda ke ɗauke da ƙananan haƙora masu sifirin, waɗanda ba sa barin ta juya sai mabuɗin da ya dace ya jera su daidai. A bayanta akwai makunnin lantarki mai raba wuta daga batir zuwa kwayil da sitata da fitilun allon gaban direba. Na uku shi ne sakatar ƙarfe da ke faɗawa cikin sandar sitiyari ta kulle shi idan an zare mabuɗi. Wannan sakata ta yi suna ne ta hannun Abram Neiman a farkon shekarun 1930, har ta kai a Faransa da ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ciki har da Nijar, sunansa ya zama sunan gidan makullin kansa a bakin kanikawa.

Sanin wanne ne ya lalace cikin ukun shi ne rabin aikin, domin a nan ne ake kashe kuɗi a banza. Idan mabuɗi ya ƙi juyawa bayan an ajiye mota da tayoyi a karkace, sau da yawa sakata ce ta matse, kuma girgiza sitiyari hagu da dama yayin da ake murɗawa a hankali ya isa. Idan mabuɗin ajiya yana aiki amma na kullum yana gardama, mabuɗin ne ya cinye. Yanko sabo daga wanda ya cinye kuwa kwafar aibin ne kawai. Idan mabuɗi yana juyawa lafiya amma fitilun allo ba su kama ba, ko inji yana mutuwa da an taka gargada, laifin na makunnin lantarki ne ko na wayoyinsa. Ƙwayar ce ta mutu idan mabuɗi yana zarewa alhali inji na aiki, ko yana cijewa komai aka yi masa. Akwai kuma alama guda da ba a jinkiri a kanta: mabuɗin da ba ya komowa da kansa bayan inji ya tashi. Wannan yana barin sitata cikin aiki har ta ƙone, kuma sitata ta fi makulli tsada.

Abubuwa biyu ne suka fi kashe ƙwayar makulli a ƙasar nan. Na farko tarin mabuɗan shago da na sito da na gida da ɗan kasuwa kan rataya tare da na mota, waɗanda nauyinsu ke cin haƙoran a kowane rami. Na biyu ƙurar hunturu, musamman idan an ɗiga baƙin mai a ramin, domin mai da ƙura kan haɗu su zama taɓo. Busasshen gari irin na bakin fensir shi ne abin da ya dace da makulli.

Gyaran da ya fi yawa a bakin titi shi ne a yanke wayoyi a haɗa su da wani makunni da maɓallin dannawa. Yana da arha, ba ya kuma ɗaukar lokaci, amma a ganin wannan marubuci shi ne mafi tsada cikin dukan zaɓin. Da zarar inji ya daina dogara da mabuɗi, mota na iya tashi ta kama hanya alhali sakata na nan a shirye, sai a kwanar farko sitiyari ya kulle a hannun direba. Wasu masu gyara kan kauce wa haka ta hanyar cire sakatar, wanda ke nufin an cire kariya ɗaya tilo da motar ke da ita, tun da 504 ba ta da na'urar tantance mabuɗi irin wadda aka wajabta wa sababbin motoci a Turai tun 1998. Bugu da ƙari, a injin da ke amfani da kwantak, mantawa da makunni a kunne kan ƙona kwayil ya kuma shanye batir.

Shi kuwa aikin na gaskiya ba mai wahala ba ne matuƙar mabuɗi yana juyawa. Ana fara cire wayar batir ta gefen da ke haɗe da jikin mota, sannan a kwance murfin da ke rufe sandar sitiyari, a yi wa kowace waya alama kafin a cire ta. A makullan Faransa na wancan zamani akan kwance ƙaramin sukurun da ke riƙe da gidan, a murɗa mabuɗi zuwa matsayin da sakata ke janyewa, a danna ɗan ƙarfen da ke tokare shi, sai ya zaro. Sabon ma sai mabuɗinsa na daidai wannan matsayi zai shiga. Idan kuwa an bari har mabuɗi ya ƙi motsi ko ya karye a ciki, sai an huda ƙwayar da injin huji, kuma kuskure kaɗan na iya ɓata mazauninta a jikin sandar. Wannan shi ne dalilin da ya sa jinkiri ke ninka ladan aiki. Bayan an ɗaura, kafin a hau titi, a tabbatar sitiyari ba ya kullewa sai an zare mabuɗi.

Saura batun saye. Tun da aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji a watan Yuni na 2023, kayan gyara na waje sun ƙara tsada, na 504 kuma suna ƙara ƙaranci domin an daina ƙera motar. A kasuwanni irin su Ladipo ta Legas da Nkwo ta Nnewi da Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, mai saye zai tarar da iri uku: ragowar na asali da ba a taɓa ɗaurawa ba, na hannu da aka ciro daga mushen mota, da kwaikwayo daga ƙasashen Asiya, wanda ingancinsa ya bambanta ƙwarai. Na hannu na asali kan fi kwaikwayo ƙarko, amma fa sai an karɓe shi da mabuɗinsa, an kuma gwada ko yana zarewa a inda bai kamata ba. A tafi kasuwa da tsohon a hannu, domin yawan wayoyi da siffar mahaɗinsu sun bambanta daga shekara zuwa shekara.

Akwai hanya ta huɗu da ba a cika tunawa da ita ba: ƙwararren mai gyaran makulli na iya buɗe ƙwayar ya sauya haƙoran da suka cinye, ta ci gaba da aiki da mabuɗin asali. Ga motar da ake ajiyewa don darajarta, wannan ya fi. Idan sauyawa ta zama dole, a karɓi dukan mabuɗan da suka zo da sabon, a adana tsohon gidan makullin, a kuma riƙe rasiɗin saye da na aiki cikin takardun mota. Makullin da ya nuna alamar an taɓa shi yakan jawo tambaya a shingen 'yan sanda, haka nan a wurin dillalai ranar da za a sayar.