Alamar Gargaɗi Daga Samaru Zuwa Kasuwar Sabon Gari: Wa Ake Koya Wa Haɗarin Sinadarai?

Ba kowace ƙaramar hukuma a Najeriya ce ta tara masana sinadarai kamar Sabon Garin Zariya ba. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tushenta ya kai 1922, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 da tsangayoyinta na kimiyya, haɗa magunguna da injiniyanci, ga kuma cibiyar NILEST mai binciken jima da sarrafa fata. In an gangara Basawa sai a tarar da NARICT, wadda aikinta kacokan binciken fasahar sinadarai ne. Duk waɗannan wurare suna da ɗakunan gwaje-gwaje da rumbunan ajiya cike da kwalabe da jarkoki, wasu masu ƙona fata, wasu masu kama wuta, wasu kuma warinsu kaɗai ya isa ya kwantar da mutum.

A 'yan shekarun nan, bita a kan yadda ake gane haɗarin irin waɗannan kaya ta ƙara samun gindin zama a cibiyoyin bincike da manyan kamfanoni. Sabon ma'aikaci ko ɗalibin da zai fara aikin gwaji, akan zaunar da shi a nuna masa alamomin gargaɗi, a koya masa karanta takardar bayanan kariya, kafin ya taɓa kwalba. Ci gaba ne na gaske. Sai dai wanda ya bi sawun sinadarin daga ƙofar jami'a zuwa shagunan kasuwar Sabon Gari da lambunan bakin Kubanni da Galma zai ga cewa ilimin yana tsayawa ne tun kafin ya kai ga hannun da ya fi kusa da gubar.

Abin da ake koyarwa a irin wannan bita tsari ne na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira GHS a taƙaice. An fara maganarsa a taron muhalli na birnin Riyo a 1992, aka amince da shi a ƙarshen 2002, bugun farko ya fito a 2003. Kafin zuwansa, sinadari guda na iya zama guba a dokar wata ƙasa, a ta maƙwabciyarta kuma a ce mai ɗan cutarwa ne kawai, kowa da irin zanensa. Tsarin ya tsayar da hotuna 9, kowanne a cikin gida mai kusurwa huɗu da jan baki: ƙoƙon kai da ƙasusuwa ga guba mai saurin kisa, harshen wuta ga mai kamawa, ruwa na ɗiga a hannu da ƙarfe ga mai cin nama, mataccen kifi kusa da busasshen itace ga mai lalata ruwa da ƙasa, hoton ƙirjin mutum mai tauraro ga wanda ke yin illa a hankali, kamar jawo ciwon daji ko lalata huhu. Ya kuma wajabta wa mai sarrafa sinadari ya haɗa shi da takarda mai sashe 16, wadda ke faɗin abin da ke ciki, taimakon gaggawa, irin abin da za a kashe wutarsa da shi, yadda za a ajiye shi da yadda za a zubar da ragowarsa. Tarayyar Turai ta mayar da tsarin doka a 2008, Amurka ta daidaita nata da shi a 2012. Najeriya na cikin ƙasashen da aka yi aikin gwajin tsarin a cikinsu a tsakiyar shekarun 2000, tare da Senegal da Gambiya.

Me ya sa horon ke yaɗuwa yanzu? Akwai doka, kuma dokar tana da tarihi mai ɗaci. A 1988 aka gano dubban duro na sharar guba daga Italiya jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yau. Wannan abin kunya ne ya haifi dokar hana shigo da shara mai guba da hukumar kare muhalli ta farko a ƙasar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta zo a 1993, ta tabbatar da ƙa'idojin muhalli ta NESREA a 2007, sannan a 2014 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan sinadarai masu haɗari da magungunan ƙwari. Amma a gaskiya doka ita ce mafi raunin dalilan, domin masu sa ido ba su da yawa, kuma ba safai suke leƙa ƙananan wuraren sana'a ba.

Kasuwa ta fi doka tsawon bulala. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na DDVP da aka yi ta samu a cikinsa. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. An samu wanda ya kai 4.6. Aka yi ta tsawaita dakatarwar sau da dama. Yankin Zariya na noman wake, waken soya da masara, kuma manyan masu saye da ke fitar da amfanin gona waje ko sayar wa masana'antun abinci sun fara tambayar da me aka fesa, yaushe, wa ya fesa. Ɗakin gwajin da ke son a karɓi sakamakonsa a ƙetare, ko malamin jami'ar da ke neman tallafin bincike daga waje, shi ma dole ya nuna cewa ma'aikatansa sun sami horon kariya. Wato mafi yawan bitar da ake yi, wani ne daga nesa ya ce sai an yi ta, shi ya sa take zuwa inda takardar shaida ke da amfani.

Dalili na uku shi ne sinadaran kansu sun yi yawa a hannun jama'a. Kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, don haka manomin da a da yake ɗaukar mutane su yi masa noman fari da maimai da fartanya, yau maganin ciyawa yake saye ya goya famfo. A cikin gari kuma, koyon haɗa sabulun ruwa, man shafawa da maganin wanke banɗaki ya zama babbar hanyar dogaro da kai ga mata da matasa. Kostik soda da asid, waɗanda a da sai a masana'anta, sun shigo tsakar gida.

Inda horon ya kai, ana ganin tasirinsa a ƙananan abubuwa. Ma'ajin rumbu ya san ba a jera asid kusa da soda, ba a ajiye mai kama wuta kusa da mai ƙara wa wuta ƙarfi. Mai aikin gwaji ya san asid ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba ruwa a cikin asid ba, don kada ya tafasa ya fantsamo masa a fuska. Kowace kwalbar da aka juye wani abu a cikinta, ana rubuta suna da kwanan wata a jikinta. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce mafi sauƙi a duk darasin, kuma ita ce ake karyawa kullum a kasuwa.

A tsaya a gaban shagon kayan haɗa sabulu. Sodar ta zo ne a buhu mai nauyin kilo 25, da sunanta da hotunan gargaɗinta a jiki. Mai saye kuwa rabin kilo take so. Yaron shago ya cusa gwangwani cikin buhun, sau da yawa ba safar hannu, ya auna, ya ƙulle a leda. Asid ɗin a gorar ruwan sha da aka shanye ake ɗura mata shi. Ta koma gida da ƙulli biyar ko shida, kusan duk farare, babu rubutu a ko ɗaya, sai dai ta tuna cewa na cikin baƙar ledar shi ne mai zafi. Ta jiƙa sodar a bokiti ta ajiye a kusurwar ɗaki ta kwana, kamar yadda aka koya mata. Ruwan soda ba shi da launi, ba shi da wari. Yaron da ya kurɓe shi, maƙogwaronsa da hanyar abincinsa kan ƙone, kuma ko ya rayu, hanyar na iya tsukewa har sai an yi masa aiki. Likitocin yara a manyan asibitocin ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan ciwo.

Haka abin yake a layin maganin feshi. Kwalbar asali tana da zanen launi a gindinta bisa rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya: ja ga mafi haɗari, sai rawaya, shuɗi, sannan kore. Manomin da ba ya iya sayen lita guda, akan tsiyaya masa a ƙaramar kwalba. Fiya-fiya da ake sayarwa a tasha da bakin titi don sauro da kuɗin cizo, yawanci DDVP ne aka sirka, sinadarin da ke cikin rukunin jan zane, amma a kwalbar da ba ta ɗauke da komai.

Kano ta ga ƙarshen wannan hanya a watan Maris na 2021. Mutane suka riƙa zuwa asibiti da amai da fitsarin jini bayan sun sha abin sha na gari da ake damawa. Gwamnatin jihar ta ce aƙalla mutum 10 sun rasu, kimanin 400 aka kwantar. Binciken NAFDAC ya nuna cewa wani farin gari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, sinadarin masana'anta ne mai suna haidiroksilamin. Masu haɗa abin shan, a ganinsu, ɗan tsamin da suka saba saye suka saya. Buhu ɗaya da ya rabu da bayaninsa ya ratsa unguwanni da dama.

Matakan hukuma ma suna da nasu sakamakon da ya kamata a auna. A 2019, bayan yawaitar masu kashe kansu da maganin ƙwari na Sniper, NAFDAC ta hana sayar da shi a kantuna da kasuwanni na gama-gari, ta kuma hana ƙananan kwalabensa na aikin gona. Niyyar tana da kyau, domin rage kusancin guba da hannun mai baƙin ciki na ceton rai. Amma buƙatar ɗan ƙaramin awo ba ta tafi ba, don talauci ne ya kawo ta. Idan babu ƙaramar kwalba mai rubutu, ɗan kasuwa zai samar da ƙaramar kwalba marar rubutu. Irin wannan fargaba ce ke tattare da farakwat, maganin ciyawar da manoma suka sani da sunan Gramoxone, wanda ba shi da makari in an sha, wanda Turai ta hana tun 2007, NAFDAC kuma ta sanar da haramta shi daga farkon 2024. Haramci ba tare da wayar da kan dillalai ba na iya tura ragowar kayan zuwa bayan kanta, inda babu mai ganin takardarsa.

Ko takardar ta tsira, da sauran aiki, don da Turanci aka rubuta ta, da ƙananan baƙaƙe. Hotunan ma ba kowa ke fahimtarsu kamar yadda masu zanen suka zata ba. Gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Zambiya sun nuna cewa ƙoƙon kai da harshen wuta ne kusan kowa ke ganewa, sauran kuwa ana yi musu fassara iri-iri. Hoton yana buƙatar wanda zai yi bayaninsa sau ɗaya, baki da baki, cikin harshen mai sauraro. A nan ne abin ya fi ba da takaici, domin NAERLS, cibiyar da ke jagorantar aikin malaman gona ta ƙasa baki ɗaya, a Samaru take, kuma ta daɗe tana shirya ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da Hausa. Gwanintar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ɗaukar nauyin kai darasin ga yaron shago, mai fentin mota, mai cajin batir, marini da majemi, waɗanda babu mai saye daga Turai da zai tambayi takardar shaidarsu.

Darasin da suke buƙata ba mai tsawo ba ne, kuma wani ɓangarensa gyaran abin da aka saba ne. Da yawa sun yi imani cewa wanda ya sha guba a ɗura masa manja ko madara, a sa shi ya yi amai. Ga wanda ya sha soda, asid ko kananzir, aman na ƙara ɓarna: sodar ta sake ƙona hanyar da ta bi, kananzir kuma ya shiga huhu. Mai feshin da ya fara zubar da yawu, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya wa likita ko allurar atirofin ce ta dace. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi kuma, da ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa, don haka ba a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin kwana.

Akwai hanyoyi biyu da aka gwada a Arewa waɗanda suka nuna alamar nasara. Ɗaya ita ce horar da matasa su zama ƙwararrun masu feshi na haya, da rigar kariya, takunkumi da takalmin roba, kamar yadda ƙungiyar CropLife da shirin Propcom Mai-karfi suka yi a wasu jihohi. Maimakon manoma ɗari su riƙa taɓa magani, mutum ɗaya da ya san aikin ya yi musu. Rauninta shi ne masu sayar da maganin na cikin masu ɗaukar nauyinta, don haka ba a cika jin shawarar rage feshi ba, ga kuma zafin rana da ke sa a tuɓe rigar kafin azahar. Ɗayar ita ce buhun PICS mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ba tare da ko ɗigon magani ba.

Ragowar matsalar ita ce jarkar da aka gama da ita. Ƙa'ida ta ce a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, sannan a huda ta don kada a sake amfani da ita. Amma jarka mai kauri da murfi mai kyau kuɗi ce a Sabon Gari, ana saye a zuba man gyaɗa, kunun zaƙi ko ruwan sha na zuwa gona. Muddin babu wurin da manomi zai mayar da ita a ba shi wani abu a madadinta, zai yi wuya malamin bita ya shawo kansa ya soka mata wuƙa.