Fitilar Taya: Me Take Faɗa wa Direba?

Yawancin motocin Kwatano da ke shigo mana yanzu suna da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai kamar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Idan ta kama, tana nufin iskar wata taya ta ragu. Taya mai ƙarancin iska takan yi zafi a kan gudu har ta fashe, ga shan mai, ga saurin cinyewa.

A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan haɗurran da suka ci rayuka. Wannan ya sa aka yi doka, kuma tun Satumba 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a can sai da wannan na'ura. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sahu a 2014.

Na'urar iri biyu ce. Ta farko ana ɗaura ta cikin taya, a gindin bawul. Tana auna iskar, ta aika wa kwamfutar mota ta hanyar rediyo. Batirinta yakan kai shekara 5 zuwa 10. Ta biyun ba ta auna iska. Juyawar ƙafafun mota take ƙirgawa ta na'urar birkin ABS, domin tayar da ta yi laushi takan ɗan ƙanƙance, sai ta riƙa juyawa da sauri fiye da sauran.

To, 'yan'uwa direbobi, a lura. Bisa dokar Amurka, fitilar tana iya yin shiru har sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Saboda haka a riƙa auna taya da geji kowane wata, da safe kafin ta ɗauki zafi, bisa adadin da ke manne a jikin ƙofar direba. Lokacin hunturu sanyin asuba yakan rage ƙarfin iskar, fitila ta kama, rana ta yi ta mutu. Duk da haka a auna. In kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, na'urar ce ta samu matsala.

In za a yi faci, a gaya wa mai faci akwai na'ura a ciki, kada ƙarfensa ya karya ta. Kafin a ɗebi iyali ko 'yan ƙungiya zuwa doguwar tafiya, a duba tayoyi duka, har da safaya.