Ba kowane dundumi ne hanta ke warkarwa ba

Ƴan'uwa manoma na Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Runji, kowa ya san dundumi. Rana ta faɗi, mutum ya daina ganin hanya. Galibi rashin bitamin A ke kawo shi, ya fi kama yara da mata masu ciki. Hanta, zogale, mangwaro da manja suna maganinsa.

Amma akwai wata cuta mai kama da shi wadda abinci ba ya warkarwa. Ita ce hawan jinin ido, wadda likitoci ke kira gulokom. Ta fi kama mai shekara 40 zuwa sama.

A cikin ido akwai ruwa mai shiga yana fita kullum, kamar ruwan lambu cikin kwalbati. In mafitar ta toshe, ruwan ya taru ya matse jijiyar da ke kai gani ga ƙwaƙwalwa. Jijiyar tana mutuwa kaɗan-kaɗan, galibi ba zafi, ba ja.

Ganin gefe ke fara tafiya. Da rana mutum bai lura ba. Da dare ne abin ke fitowa fili. Ya fito daga hasken fitila ya shiga duhu, sai idonsa ya daɗe bai saba ba. Ya yi tuntuɓe da turmi, ya kasa bambanta rami da inuwa. In yana bisa amalanke a babbar hanyar Maradi, fitilar kamiyo ta kashe masa ido.

A Najeriya an yi binciken ido daga 2005 zuwa 2007. An samu mutum 5 cikin 100 masu shekara 40 zuwa sama suna da cutar, mafi yawansu ba su sani ba. Bayan yanar ido, ita ce ta biyu wajen makantar da mutane.

Yana ana cire ta, gani ya dawo. Abin da gulokom ta ci ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran da maganin ɗigawa na kullum ko da aiki.

Saboda haka, wanda ganinsa na dare ya ragu, ko aka yi makaho a danginsa, ya je gidan likita a tura shi wurin likitan ido a Maradi a auna masa ido. Kada a sayi maganin ɗigawa wurin ƴan tebur, wani yana ƙara matsin. Kada a jira sai bayan girbi.