Karanta Lambobin Kayan Tsofaffin Motoci: Misali Daga Kamfanin Ford

Masu tara tsofaffin motoci a ƙasar Amurka kan biya kuɗi mai tsoka a kan rediyon da ya fito tare da mota daga masana'anta, alhali kuwa irinsa da aka sa daga baya ba shi da wata daraja a wurinsu. Ido kaɗai ba ya rarrabe su. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gane asalin irin waɗannan kaya ta hanyar lambobin da ke jikinsu, bisa tsarin da kamfanin Ford ya bi tun daga shekarun 1950 har zuwa ƙarshen shekarun 1990.

Ɗalibin ilimin ginin kalma ba zai sha wuya a nan ba, domin lambar ta kasu gida uku, tamkar ɗafa-goshi da saiwa da ɗafa-ƙeya. Alal misali, a ɗauki C5ZA-18806-A. Saiwar, wato 18806, ita ce sunan abin, kuma tana nufin rediyo, kamar yadda 9510 ke nufin kafireta ko a wace mota aka same ta. Ɗafa-ƙeyar tana nuna sauyin da aka yi wa zanen: A na farko, B na biye.

Nauyin maganar yana kan ɗafa-goshi. Harafin farko yana nuna zangon shekaru goma: B shekarun 1950, C shekarun 1960, D shekarun 1970. Alƙalamin da ke biye shi ne shekarar kanta, don haka C5 na nufin 1965. Harafi na uku nau'in mota ne, inda Z ke nufin Mustang, D kuwa Falcon. Na huɗu yana nuna sashen da ya fitar da lambar. Idan Z ne, kamar a C5ZZ, to lambar kayan gyara ce da ake gani a kwali da kundin dillalai, ba lallai a same ta a jikin ƙarfen ba.

To, a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. C5 shekarar da aka zana abin take faɗa, ba shekarar da aka ƙera shi ba. Muddin zanen bai sauya ba, kamfani kan ci gaba da buga lamba ɗaya shekara da shekaru, har ma ya sa abin a wata mota dabam. Saboda haka mai sayarwa da ya nuna C5 ya rantse cewa kayansa na 1965 ne, bai kawo hujja ba tukuna, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa.

Hujjar tana cikin wata 'yar lamba ta kwanan wata da ake zubawa a jikin manyan ƙarafan inji. 5C12 na nufin 12 ga Maris, inda A ke wakiltar Janairu har zuwa M Disamba, an tsallake I don kada a ɗauke shi a matsayin 1. Amma 5 ɗin tana iya zama 1965 ko 1975; sai an haɗa ta da ɗafa-goshi ake warware shubuhar. Ɓangaren da aka zuba bayan ranar da aka harhaɗa motar kuwa, ba nata ba ne na asali.

Rediyo yana da ƙarin tambari a jikin akwatinsa. A 5TPZ, 5 ita ce shekarar samfurin, T tiransisto, P kamfanin Philco wanda Ford ya saya a 1961, Z kuma Mustang. Idan M ce a gurbin P, aikin Motorola ne. Masu lura sukan duba wannan tambari kafin su kalli fuskar rediyon, domin maɓallai da gilashin gaba ana iya cire su daga wani rediyo a ɗaura wa wani cikin 'yan mintoci.