Abin da ke sa mutum ya nutse cikin aiki har ya manta da lokaci

A ƙarƙashin inuwar mangwaro a unguwannin Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa, akan tarar da masu dara sun duƙufa kan wasa, har a kira sallar La'asar ba su ankara ba. Haka mai ɗinkin hula yake idan allura ta kama zane.

Masanin halayyar ɗan Adam, Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin Hungary da ya koyar a Jami'ar Chicago ta Amurka, ya nazarci wannan yanayi tun shekarun 1970, inda ya tattauna da masu hawan duwatsu da likitocin tiyata. A littafinsa na 1990 ya bayyana cewa nutsuwar takan samu idan manufa ta fito fili, mutum na ganin sakamakon aikinsa nan take, kuma nauyin aikin ya yi daidai da gwanintarsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Aikin da ya fi ƙarfin mutum fargaba yake haifarwa, wanda ya cika sauƙi kuma gundura. Shi ya sa gwanin dara ba ya jin daɗin karawa da ɗan koyo, kuma mai ɓarar agushi hannunta ne kawai ke aiki, hankalinta na wajen hira.

Ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafia mai shirin jarrabawa, hakan na nufin ya zaɓi babi ɗaya, ya warware tambayoyin da suka ɗan fi ƙarfinsa, ya duba amsa nan take. Wayar salula kuwa, gara a bar ta a wani ɗaki, domin ƙarar saƙo guda ta isa ta katse nutsuwar.