Cinikin dabba ta bidiyo: yadda za a yanke hoto a matse shi ba tare da an cuci mai saye ba

Wasu 'yan kasuwarmu na Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan yanzu ba sa hawa mota zuwa Yobe don duba kaya. Dillali ne zai ɗauki bidiyon sa ko rago a karar Nguru, ko buhunan shinkafa da kifi banda a Gashuwa, ya turo ta WhatsApp, a yi ciniki, a tura kuɗi. To amma idan bidiyon ya iso dishi-dishi, ko an yanke ƙafafun dabbar, ai an koma cinikin biri a sama. Gyaran kuwa yana wajen adana bidiyon.

Mu fara da yanka. Bidiyon da aka ɗauka waya a kwance sifarsa 16:9 ce, na tsaye kuma 9:16, wato irin na Status da TikTok. Idan ka ɗauka a kwance a 1080p, faɗinsa fiksel 1920 ne. Da zarar ka mayar da shi tsaye a CapCut ko InShot, abin da zai rage bai wuce 608 ba, ka ga kusan kashi 2 cikin 3 na hoton ya tafi. Nan ne kan sa da bindinsa ke ɓacewa. Don haka dabba a ɗauke ta a kwance, a bar ta a kwance, daga ƙaho har kofato, mutum kuma ya tsaya a gefenta don a gane girmanta.

Sai matsewa. Wurin da aka rubuta Bitrate shi ke nuna nauyin kowane daƙiƙa. Minti 1 a 8 Mbps zai kai MB 60, a 3 Mbps kuwa kusan MB 23 ne. Ga wanda ke ƙauyen fadama inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Zaɓi 720p, 30fps, a adana a MP4 mai H.264, don kusan kowace waya tana buɗe shi. H.265 ya fi rage nauyi, sai dai tsofaffin wayoyi kan yi ta sarƙewa da shi.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: duk lokacin da aka sake adana bidiyo, sai ya ƙara lalacewa, kuma abin da matsewa ta cinye ba ya dawowa. WhatsApp ma yana yin tasa matsewar. Shi ya sa a gama duk gyara a adana sau ɗaya, sannan a danna HD wajen turawa, ko a tura shi a matsayin Document, wanda ke kai fayil yadda yake, har zuwa GB 2.

Kai kuma mai saye a Kudu, in ka ga an matso da hoto ƙugun dabba kaɗai, ko bakin buhu kawai, kada ka ji nauyi. Ce masa: "Alhaji, don Allah a sake turo min na asali, a zagaya da ita in ga tafiyarta." Dillalin kirki ba zai ƙi ba. Shi ma ya ajiye na asalin a wayarsa har kaya su sauka lafiya, domin ranar da gardama ta tashi gaban Sarkin Hausawa, shi ne shaidarsa.