Daga Ɗakin Kwanan Ɗalibi Zuwa ChatGPT: Rawar da Jami'a Ta Taka

A watan Oktoban 2012, masana ilimin kwamfuta sun hallara a birnin Florence na ƙasar Italiya domin jin sakamakon wata gasa da a lokacin ba ta dami kowa ba sai masu yin ta. Dokar gasar ba ta da wuyar fahimta. Za a nuna wa kwamfuta hoto, ta faɗi abin da ke cikinsa daga rukuni 1,000 da aka tanada, kama daga jinsunan karnuka zuwa jirgin ruwa da lemo. Ana ba ta damar canki biyar, in babu daidai a ciki, ta faɗi. Manhajar da ta zo ta ɗaya a 2010 ta yi kuskure a wajen kashi 28 cikin 100 na hotunan, ta 2011 kuma wajen kashi 26. Kowa ya saba da wannan tafiyar hawainiya.

Sai ga wata tawaga ta mutum uku daga Jami'ar Toronto da ke Kanada ta zo da kuskuren kashi 15.3 kacal, alhali mai bi mata tana kashi 26.2. Ɗalibai biyu ne, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, tare da malaminsu Farfesa Geoffrey Hinton. Kayan aikinsu kuwa katunan Nvidia guda biyu ne samfurin GTX 580, irin waɗanda matasa ke saya don wasan bidiyo, kuma a ɗakin kwanan Krizhevsky a gidan iyayensa aka bar su suna ta aiki kwana biyar zuwa shida. Manhajar da suka gina, wadda daga baya aka raɗa wa suna AlexNet, ita ce mafarin guguwar ƙirƙirarriyar basira da ake ciki yau.

Masu ba da labarin sukan tsaya a nan, saboda ya fi daɗi: yara biyu sun kayar da manya. Amma abin da ya faru a Florence girbi ne na shukar da ta haura shekara 50, kuma mafi yawanta a harabar jami'o'i aka yi ta, a lokacin da ba wani ɗan kasuwa da zai zuba kuɗinsa a ciki.

Dabarar da suka yi amfani da ita kwaikwayo ce ta yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa saƙo ga juna. Ana jera ƙananan ma'ajiyan lissafi hawa-hawa, kowane hawa ya karɓi lambobi daga na ƙasa da shi, ya auna su, ya miƙa wa na sama. Ba wanda yake rubuta wa kwamfutar cewa kyanwa tana da gashin baki da kunnuwa masu tsini. Hoto kawai ake nuna mata, ta yi canki, a gaya mata amsar. In ta kuskure, sai a bi sawun kuskuren daga sama zuwa ƙasa, ana ɗan gyara ma'aunin kowace mahaɗa. Mai karatu ya ɗauka rediyo ce mai maɓallan murɗawa miliyan 60, ana ɗan murɗa kowanne bayan kowane kuskure har tasha ta fito tangaram. Adadin ma'aunan AlexNet ke nan, a hawa takwas. Bayan an bi ta kan hotuna miliyan 1.2 sau da dama, hawan farko kan koyi gane gefe da launi da kansa, na tsakiya ya gane zane da siffa, na ƙarshe ya gane abin baki ɗaya.

Tunanin ya tsufa. Tun a 1958 Frank Rosenblatt ya nuna wata na'ura mai suna Perceptron da ya ƙirƙira a ɗakin binciken Cornell da kuɗin rundunar sojan ruwan Amurka, jaridu kuma suka zuzuta ta har suna cewa za ta yi tafiya ta yi magana. A 1969 wasu malaman jami'ar MIT biyu, Marvin Minsky da Seymour Papert, suka fitar da littafi da ya nuna iyakar abin da irin wannan na'ura mai hawa ɗaya za ta iya, sai masu ba da kuɗi suka juya baya. A Birtaniya ma rahoton Lighthill na 1973 ya sa gwamnati ta tsuke bakin aljihu. A cikin wannan fari ne Hinton ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Edinburgh, ya kammala a 1978, a kan fannin da manyansa ke ganin ya riga ya mutu. A 1986 shi da David Rumelhart da Ronald Williams suka wallafa a mujallar Nature bayanin yadda ake bin sawun kuskure ta hawa da yawa, wato dabarar da ta warware matsalar da aka taso da ita a 1969.

Shekara guda bayan haka Hinton ya bar Jami'ar Carnegie Mellon ya koma Toronto. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ɗaya daga cikin dalilansa shi ne ƙin karɓar kuɗin ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ita ce uwa mai ba da mama ga irin wannan bincike a wancan zamani. A Kanada ya samu wata cibiya mai suna CIFAR, wadda tsarinta shi ne ta tallafa wa masu bincike ba tare da ta tsare su da tambayar yaushe za a ga riba ba. A 2004 ta buɗe wani shiri a ƙarƙashin jagorancinsa, wanda ya haɗa shi da Yoshua Bengio na Jami'ar Montreal da Yann LeCun na Jami'ar New York. A wancan lokaci, ɗalibin da ya rubuta maƙala a kan sarƙar jijiyoyin kwamfuta yakan sha wuya kafin manyan taruka su karɓa. Ba a ce kamfanoni ba su taɓuka komai ba: a ɗakin binciken Bell ne LeCun ya gina manhajar da bankunan Amurka suka riƙa karanta rubutun hannu na kan cek da ita a shekarun 1990. Sai dai kamfani yana da mai hannun jari da ke jiran lissafi duk wata uku. Farfesan da ya samu kujerar dindindin kuwa yana iya nacewa a kan abin da kowa ke ce masa ɓata lokaci ne har tsawon shekara 25, ba mai korarsa. A ganina wannan ita ce babbar gudummawar jami'a a labarin, fiye da kowane lissafi.

Akwai kuma rabin labarin da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Hotuna miliyan 1.2 ɗin nan, wa ya tara su, wa ya rubuta wa kowanne sunansa? Wata matashiyar malama ce a Jami'ar Princeton, Fei-Fei Li, haifaffiyar birnin Beijing da iyayenta suka yi ƙaura zuwa Amurka tana budurwa, suka riƙe shagon wanki da guga a New Jersey. A lokacin da kowa ke ƙoƙarin ƙera manhaja mafi wayo, ita ta tsaya a kan cewa matsalar ƙarancin misalai ce. Ta ɗauki jerin kalmomin WordNet, wani ƙamus na kwamfuta da aka gina a nan Princeton, ta ƙudurta samo ɗaruruwan hotuna ga kowane suna. Da ta lissafa shekarun da za a ɗauka in ɗalibai za su yi aikin, sai ta ga ba mai yiwuwa ba ne. Mafita ta zo ta wani dandalin Amazon da ake raba ƙananan ayyuka ga mutane ta intanet a biya su 'yan kwabbai. Kusan mutum 49,000 daga ƙasashe 167 ne suka yi ta tantance hotunan. A ƙarshe rumbun, mai suna ImageNet, ya haura hotuna miliyan 14 a rukuni wajen 22,000.

Da ta gabatar da shi a wani taro a Miami a 2009, ko damar yin jawabi ba a ba ta ba, allo kawai aka ba ta a zaure ta liƙa bayaninta. Aikin tara bayanai ba ya jawo tafi a tsakanin masana. Ana kallonsa kamar aikin leburanci. Amma ta sake shi kyauta ga duk mai so, ta kuma kafa gasar shekara-shekara a 2010, lokacin ta koma Jami'ar Stanford. Ba don wannan rumbu ba, da dabarar Hinton ba ta samu abin da za ta koya daga gare shi ba.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A watan Disambar 2012, Hinton da ɗalibansa suka kafa kamfani mai suna DNNresearch, wanda ba shi da haja ko ɗaya sai su uku, suka sa shi gwanjo daga wani otal a gaɓar tafkin Tahoe. Google da Microsoft da Baidu na ƙasar Sin da DeepMind na Landan suka yi ta tayi ta imel, har farashi ya kai dala miliyan 44, Hinton ya tsayar da cinikin ya sallama wa Google. A 2013 Facebook ya ɗauki LeCun. A 2015 kamfanin Uber ya kwashe kimanin masu bincike 40 daga cibiyar mutum-mutumi ta Carnegie Mellon a tashi ɗaya. A wannan shekarar ce Sutskever ya shiga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, kamfanin da ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamban 2022. Ita kuwa gasar hotuna, a 2015 wata tawagar Microsoft ta sauko da kuskure zuwa ƙasa da kashi 4, ta wuce kashi 5 da wani ɗalibin Stanford ya samu lokacin da ya gwada kansa a matsayin ɗan Adam.

Yanzu zamanin katuna biyu ya wuce. Rahoton shekara-shekara na Jami'ar Stanford da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa horar da manhajar GPT-4 ta OpenAI ya ci wajen dala miliyan 78 a kuɗin na'urori kawai, Gemini Ultra na Google kuma dala miliyan 191. Rahoton ya ƙirga manyan manhajoji 51 da kamfanoni suka fitar a 2023, jami'o'i kuma 15. Ko jami'o'in Amurka masu kuɗi ba sa iya shiga wannan tsere, shi ya sa Li ta kasance cikin masu matsa wa gwamnati lamba ta samar da rumbun na'urori na ƙasa da malamai za su riƙa amfani da shi, shirin da aka fara gwajinsa a Janairun 2024. Lambobin yabo dai sun zo: Hinton da LeCun da Bengio sun karɓi lambar Turing ta 2018, sannan Hinton ya raba lambar Nobel ta kimiyyar fiziks ta 2024 da John Hopfield na Princeton. Amma abin lura shi ne, sai da ya ajiye aikin Google a watan Mayun 2023 kafin ya ji ya sake ya yi magana a kan haɗurran abin da ya taimaka aka gina.

Wannan sakewar bakin tana cikin abin da ya rage wa jami'a, kuma ba ƙarami ba ne. Ɗaliba ce a MIT, Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, ta gwada manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni uku tare da Timnit Gebru a 2018. Suka gano kuskuren tantance jinsi bai kai kashi 1 cikin 100 ba a kan maza fararen fata, amma a kan mata baƙaƙe ya kai har kashi 34.7. ImageNet kansa bai tsira ba: bincike ya nuna kusan kashi 45 na hotunansa daga Amurka suke, Sin da Indiya a haɗe kuma wajen kashi 3. Manhajar da aka horar da shi takan gane amarya mai farar riga ta Turawa, ta ga amaryar arewacin Indiya ta ce mai kayan wasan kwaikwayo ce. Abin da ba a nuna wa na'ura ba, ba ta san da shi ba.

A nan ne zancen ya shafi mai magana da Hausa kai tsaye. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun a Disambar 2013, amma duk wanda ya gwada ta da karin magana ko habaici ya san inda take tuntuɓe, saboda rubutun Hausa da ke intanet bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da yawan masu harshen. Ba wata jami'a a Kano ko Zariya ko Yamai da za ta fitar da dala miliyan 78. Sai dai aikin da Li ta yi a 2009 haƙuri ya fi buƙata a kan kuɗi, kuma akwai masu yin irinsa. Ƙungiyar Masakhane, wadda ta haɗa masu binciken harsunan Afirka tun 2019, da takwararta HausaNLP, sun tara malamai da ɗalibai daga jami'o'in arewacin Najeriya da na ƙetare. A 2022 wata tawaga da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta ta fitar da NaijaSenti, saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, masu jin harshen suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna tantance wanne yabo ne, wanne suka ne, wanne ba ruwansa. Aiki ne mai cin rai, domin Bahaushe yakan yi gatse ya kuma cakuɗa harshe biyu a layi ɗaya, ga masu rubutu a waya ba sa damuwa da haruffa masu lanƙwasa. A 2023 aka faɗaɗa shi zuwa AfriSenti mai harsuna 14 da saƙonni sama da 110,000, aka shirya gasa ta duniya a kansa, aka kuma ajiye shi a intanet kyauta ga duk ɗalibin da yake son ya gwada dabararsa.